Robar Ƙasan Inji a Hanyar Magarya

Tun da aka dawo daga hutu ban samu na sha shayina da zafinsa ba a ɗakin malamai. Wannan ta ce, "Wai da gaske ke kika ja mota har Nijar?" Waccan ta ce, "A cikin daminar nan?" Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure, har na lura duk sanda na maimaita sai na rage masa wani abu. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Maigidana, Baban Amira, Allah ya jiƙansa, mutumin wani ƙauye ne a bayan Magarya. Tun yana saurayi ya tsallako yana awon hatsi a kasuwar Babura, daga baya ya zauna a Kazaure ya buɗe shagon maganin dabbobi. Duk wata sai ya ja motarsa ya je ya gaida mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Ciwon kwana tara ya ɗauke shi ana tsakiyar zafi, aka binne shi a nan. Inna ba ta zo ba, gwiwoyinta ba sa jure zaman motar haya, a waya aka gaya mata. A kwanakin jinyar sau biyu yana ce mini in ya tashi zai ɗauko ta ta zauna da mu. Bai ce ni in yi ba. Amma da na fita takaba, duk sanda na ga motar a ajiye a tsakar gida sai maganar ta dawo mini.

Na iya tuƙi, amma iyakata makaranta da kasuwa. Don haka na aika Roni aka kira mini Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota kafin yanar ido ta zaunar da shi. Da na gaya masa niyyata sai ya ce, "Ke ki duba hanya, ni in saurari mota. Kunnena dai lafiyarsa lau." Na kai yara gidan yayata, na sa buhun shinkafa da turmin atamfa a but, muka kama hanya da hantsi.

Har muka kusa Kanya Babba ba abin da ya faru, in ban da Kawu da yake ta ce mini ina taka birki kamar mai tsoron ƙasa. An yi ruwa da asuba, duk ramukan titi sun cika, ba ka sanin mai zurfi da marar zurfi. Na faɗa ɗaya, motar ta bugu, sai wata ƙara ta tashi daga ƙasa, ƙarrr, kamar ana jan kwano a kan siminti. Na ce shi ke nan, na kashe masa inji tun ban je ko'ina ba.

"Sauka gefe a hankali," in ji Kawu. "Ba inji ba ne. Inji ba ya kuka haka. Wani abu ne yake jan ƙasa."

Na fito na sunkuya. Wata baƙar roba ce mai faɗi, ta kai rabin ƙyauren ɗaki, gabanta ya saki ya faɗo yana shara a kwalta. Shekara shida motar nan tana gidana, ban taɓa sanin da ita ba.

Muka lallaɓa zuwa wurin wani mai faci a bakin gari. Ya leƙa sau ɗaya ya miƙe. "Hajiya, robar ƙasan inji ce. Bari in fizge ta a yar. 'Yan haya duk sun cire tasu, ga su nan suna ta aiki."

Kafin ka ce me, mutum huɗu sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce ado ce kawai ta Turawa. Wani mai babur, da ya ce daga Gwiwa yake, ya rantse wansa ya cire tasa, sati bai cika ba dutse ya huda masa kaskon baƙin mai. Ni dai ina tsaye, raina ya fi karkata ga a yar, don in huta da ƙarar.

Kawu ya ce da mai facin, "Malam, me take rufewa?"

"Bel ne, Baba, da wayoyi, da kaskon mai."

"To ana tsakiyar damina, hanyar yashi za mu shiga, shi ne za ka buɗe su?" Ya juyo wajena. "Motocin da na ja ba su da wannan, amma su sama suke, mutum yana shiga ƙarƙashinsu a zaune. Wannan cikinta a ƙasa yake. A ɗaure ta."

Mai faci ya yanko robar tsohon tif na taya ya ɗaure gaban, ya ce zai kai mu, amma bai yi alkawarin dawo da mu ba.

A Babura muka tsaya na canza kuɗi zuwa sefa, muka sha fura wajen wata Bafulatana a bakin tasha. Nan na ga wani Kawun da ban sani ba. Tsofaffin direbobi suka yanyame shi, wannan ya riƙe hannu, wancan ya tuna masa ranar da suka kwana a laka. Yana gane kowa da murya.

Iyaka ba ta yi mini wahalar da aka tsorata ni da ita ba. A ɓangarenmu jami'in ya duba takardun mota, ya ga sunan namiji, ya tambaya. Na nuna masa takardar rasuwa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini da hannu biyu. A ɓangarensu kuwa sai an fito daga mota an taka da ƙafa zuwa rumfa. Jandarman ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Madam, an zo lahiya?" Na kusa dariya, don irin Hausar Baban Amira ce in ya yi fushi ya manta da ta Kano. Aka ba motar wata takarda tata ta shiga ƙasa. Abin da na lura, ba sa sauri, ba kuma sa son a sa su sauri. Wani ɗan kasuwa da ke bayana ya ɗaga murya yana cewa rana tana yi, sai jandarman ya ajiye biro ya dube shi kawai, har sai da ya yi shiru don kansa.

Da ka tsallaka, gonakin nan dai su ne, geron nan shi ne, sai dai su hatsi suke ce masa. Allunan hanya sun koma Faransanci, kuma amalanken shanu ba ya kauce wa mota, ke za ki jira shi. Ba mu yi nisa ba muka iske wani kwari da ruwa ya kwanta a kan hanya. Na shiga da ɗan gudu don kada in maƙale, wanda shi ne kuskurena. Robar ta kamfaci ruwa da yashi kamar shebur, ɗaurin mai faci ya tsinke, har gefe ɗaya na baya ya yage. Yanzu ba ja kawai take yi ba, naɗewa take nema ta yi a ƙarƙashin motar.

Babu kowa a wurin sai mu. Na kwance igiyar da aka ɗaure buhun shinkafa da ita. Kawu ya durƙusa yana laluben inda za a ɗaura, yana cewa, "Ko'ina ban da salansa, zafinta zai cinye igiyar." Bai rufe baki ba ya kai hannu kan salansar. Ya yi tsalle yana yarfe yatsu, yana cewa, "To ga ta nan, na samo miki ita." Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya, har na ji kunya. Muka ɗaura a wani ƙarfe na gaba, na ja motar kamar mai ɗauke da ƙwai har cikin Magarya.

Mun shiga bayan azahar, gari tsit. A can tsakanin azahar da la'asar ba mai aiki, shaguna a rufe, kowa ya nemi inuwa. Mu da muka saba a Kazaure ko tsakar rana ka buga wa makanike ƙofa zai fito, sai abin ya ba ni haushi. Wani mai shayi ya nuna mana gareji, ya ce mu nemi Malam Isuhu. Muka same shi kwance a benci ƙarƙashin darbejiya, ya rufe fuska da hula. Ba mu tashe shi ba. Ƙarar robar ce ta tashe shi.

Ya zauna, ya dubi motar, fuskarsa ta washe. "Motar Ɗan Kazaure! Kai, ka ɓace mana. Ina shi?" Yana leƙen kujerar baya.

Kawu ne ya ce, "Malam, ya riga mu gidan gaskiya. Wata biyar ke nan. Wannan iyalinsa ce."

Malam Isuhu ya koma ya zauna a bencin. Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya ce, "Ba wanda ya hwaɗa mani. Ina ta cewa ya samu wani makanike." Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne sunan. Shekara ashirin a Kazaure ana ce masa Ɗan Nijar, ashe a nan kuma Ɗan Kazaure ne. Ban taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa ba, ban ma san akwai abin tambaya ba.

Aka hau da motar kan rami. Malam Isuhu ya shiga, can sai ya ce, "Madam, in ba ki ƙyamar baƙin mai, sauko ki gani. Tunda ke za ki riƙa jan ta, gara ki san cikinta."

Na tattare zanina na sauka. Ya haska mini da tocila. Maɓallan roba da aka yi robar da su tun asali babu ko ɗaya, duk sun zube a hanya tuntuni. Ramukan da suke shiga sun yage. Abin da ke riƙe da ita wayoyi ne, nan ɗaya can ɗaya, wasu sun yi tsatsa wasu da sauran haske.

"Wanga nawa ne," in ji shi, yana nunawa. "Wanga nashi ne. Kin ga bambanci? Shi in yana murɗa waya ba ya sanin ya isa, sai ta kusa tsinkewa. Kullum ina ce mashi ya sayo sabuwar roba a Kano, kullum sai ya ce wata mai zuwa."

Na tsaya ina kallon murɗin nan. Mutumin da in ya rufe kwalbar man gyaɗa sai an jira ya dawo kafin a yi miya. Tun rasuwarsa mutane suke ba ni labarin kirkinsa, har ya fara zame mini wani baƙo marar aibi. A cikin ramin nan na sake ganin mijina yadda na san shi, mai taurin hannu, mai ɗage abin yau zuwa gobe. Na yi kukan da ban yi ba a gaban masu ta'aziyya. Malam Isuhu ya kashe tocilar ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Gyaran da ya yi na mai haƙuri ne. Ya sauke robar gaba ɗaya ya wanke yashin. Ya yanko faci daga tsohuwar jarka ya liƙa a duk inda ya yage, ya huda sababbin ramuka da ƙusa mai zafi, ya yanko ƙananan gwangwani ya sa a bayan kowane rami don kada waya ta sake yaga robar. Sannan ya sa na murɗa waya biyu da hannuna. Ya ce in murɗa har ta kama, in tsaya. Kada in ɗaura kusa da salansa ko bel ko wani abu mai juyawa. Kada kuma in taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, gara in hau da ƙafafun gaba kan tudu in sa dutse a bayan taya. In kan hanyar yashi nake, in duba kowace safiya. Ya naɗo mini guntun waya ya ce in ajiye. Duk da ina sauri, ba mu tashi ba sai da muka sha shayinsa a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku, don a can in ka tashi a na farko ka yi rashin ladabi.

Hadari ya haɗo, don haka muka sauka a gidan Hadiza, ƙanwar Baban Amira, da ke aure a cikin gari. Ta yi mana tuwon hatsi da miyar kuka, ta kawo cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda, wanda Kawu ya ce haƙoransa sun yi ritaya daga irin wannan aiki. Da safe aka kawo burodinsu dogo kamar sanda, bayansa da tauri, ba zaƙi ko kaɗan. Na ce an manta sukari ne? Hadiza ta ce su kuma in sun ci namu sai su ce cincin aka ba su.

Da Hadiza muka ƙarasa ƙauyen, tafiyar yashi da laka, ciyawa tana shafar cikin motar, amma ba ƙara. Muka shigar da motar cikin danga.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa da "sai haƙuri" kamar ni kaɗai aka yi wa. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ko dubi wajen motar ba. Sai washegari na samu ƙarfin faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Kin kyauta, Allah shi yi maki albarka. Amma nan aka rufe uwata, nan aka rufe mijina. Mi zan je yi gidan da mai shi ba ya nan?"

Kawu ya sa baki, Hadiza ta sa baki, Inna ta ce a bar maganar. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ashe ni ba kowa ba ce a wurinta in babu shi. Na yanke mu juya da safe.

Da gari ya waye na tuna maganar Malam Isuhu. An yi yayyafi, tsakar gida duk laka. Na buɗe but neman filaya, sai na ga takalman robar Baban Amira a kusurwa, na zura su don kada in ɓata nawa. Na hau da motar kan ɗan tudun da ke gefen rumbu, na sa dutse, na shimfiɗa buhu, na ɗaure zanina tam na shige ƙarƙashi. Waya ɗaya ta ɗan saki. Ina cikin murɗa ta na ji jan ƙafa da ƙarar sanda, sannan murya a kaina.

"Habu?"

Filayar ta kusa faɗo mini a fuska. Sunan Baban Amira ke nan, shi ne ɗanta na fari. Tunda na shigo danginsu ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "wancan" ko "mai motar".

Na fito da sauri. Tana tsaye da ƙwaryar fura a hannu, tana kallon takalman, ba ni ba.

"Inna, ni ce. Ki gafarce ni, laka ce ta sa..."

Ta ɗaga hannu. Hadiza ta kawo mata kujera ta zauna. Can ta ce, "Haka yake yi duk zuwa. Ranar da zai koma, sai ya shimfiɗa buhu nan ya shige. Ni kuma in zo in tsaya. Kin san ba ni iya duban idonshi in yi magana. To in ya shige nan, ƙahwahunshi kawai nake gani, sai in hwaɗa mashi duk abin da ke raina. Shi ma ya amsa daga can. Wani lokacin na san ya gama, amma ba ya hitowa."

Kawu da ke zaune bakin zaure ya juya mana baya.

Na ce, "Inna, akwai sauran waya ɗaya ban gama ba."

Ta dube ni. Na koma na kwanta a kan buhun na shige.

Sannan ta fara, a hankali. Ta tambaye ni ko ya sha wuya. Na ce kwana biyun ƙarshe ne kawai. Ta tambaya ko ya samu kalmar shahada, na ce ya samu, a kunnena. Ta tambaya ko ya ambace ta. Na faɗa mata abin da ya ce, yadda ya faɗa. Ta ce ta yi ta jin haushin kanta da ba ta hau motar haya ba ko da za ta mutu a hanya, kuma kunyar haɗa ido da yaransa take ji. Na ce Amira kullum sai ta tambaya yaushe kakarta za ta zo. Ina kwance ina kallon facin jarka, hawaye yana gangara mini cikin kunne, ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Daga ƙarshe na ji ta ce, "Hadiza, ɗaure mani kayana. Ba da yawa ba. Kahin girbi za a maido ni."

Kawu ya koma kujerar baya yana gunagunin daga nan ba a jin inji sosai. Inna ta zauna a gaba, mun sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta riƙe ƙofa da hannu biyu duk da ba gudu nake ba. A kwarin nan mai ruwa na shiga a hankali, muka fita lafiya.

A iyaka jandarman nan dai muka tarar. Ya ce tsohuwa ta yi zamanta, ba sai ta fito ba. Ya zagayo ta wajen tagarta ya gaishe ta, ya duba katinta, sannan ya dube ni ya dube ta.

"Iya, mi kuke da Madam?"

Na buɗe baki zan ce surukata ce, sai ta riga ni.

"Ɗiyata ce," in ji Inna. "Gida za ta kai ni."